Tsakanin Kano da Yola, ta Sama da ta Ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta, bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka lafiya, ka tarar da Kawunka Bello da iyalinsa lafiya. Da gangan na sa takardar nan a ƙarƙashin ledar dambun nama, don na san ɗan da na haifa. Ko ka manta inda ka ajiye takardun makarantarka, ba za ka kwana ba ka buɗe dambun nan ba.

Da baki na so in yi maka wannan magana, to amma kwanakin nan gidan bai zauna ba. Tun da aka ce ka samu aiki a filin jirgin sama na Yola, a sashen masu duba yanayi, ƙafa ba ta ɗauke mana ba. Dangin Babanka na Kademi sun zo, nawa na Ajingi sun zo, matan da muke islamiyya tare sun zo, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. In kuma na samu na zauna da kai, kafin in kai tsakiyar zance ka ba ni dariya na manta abin da zan ce. Shi ya sa na ɗauko biro. Rubutun na 'yar firamare ne, sai ka yi haƙuri da shi.

Ka tuna ranar da ka same ni ina gyaran zogale, ka zauna a bakin tabarma ka nuna mini taswira a wayarka? Ka ja layi miƙaƙƙe daga filin jirgin Kano zuwa na Yola, ka ce kilomita ɗari biyar ne da 'yan kai. Sannan ka nuna mini wani layin mai lanƙwasa kamar igiyar guga da aka yar, ka ce wannan ta mota ce, ta haura ɗari shida. Ka ce, "Inna, ki daina damuwa. A jirgi kamar awa ɗaya ce. Duk ƙarshen mako za ki gan ni."

Na yi dariya kawai. Layukan nan biyu duk na bi su da jikina, kuma kowanne sai da na yi wauta a kansa. Ka san guntayen labarin, don Babanka ba ya gajiya da tsokanata da shi, amma ba ka taɓa jin sa daga bakina ba.

Lokacin kana goye, aka yi wa Kawunka Bello haihuwar fari. Shi ne ƙanina da na goya, ga shi ya yi nisa, yana sayar da yadi a Jimeta. Ya kira wayar Babanka ya ce mace aka samu, kuma sunana zai sa mata. Ya ce, "Adda, ba zan yarda a yi sunan nan ba ke ba. Na saya muku tikitin jirgi ke da Malam. Ku dai kai kanku Kano kawai." A lokacin akwai jirgin da yake zuwa Yola kai tsaye.

Na yi guɗa, na yi godiya, na ajiye waya, sai tsoro ya kama ni. Ni da ko tsani ba na hawa in ɗauko shanya a kan soro, ni ce za a ɗaga sama a cikin ƙarfe? Amma ban ce ina jin tsoro ba. Ina babbar yaya, a ji a gari? Sai na shiga haɗa kaya: garin kunu, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu daga wajen kakarka Dada, zannuwan goyo, har da turmin daka yaji ɗan ƙarami. Na tara su a tsakar gida kamar mai tashi daga gari. Da Babanka ya shigo na ce, "Malam, ka ga kayan nan jirgi ba zai ɗauka ba. Kai ka bi jirgin, ni na biyo mota da su."

Ya dubi kayan, ya dube ni. Ya ce, "Hajjo, turmi kuma? A Yola ba su da turmi?"

Na ce, "Irin namu daban ne."

Ya ce, "To, Allah Ya kai turmi lafiya."

Ya gane sarai, amma ka san halinsa, ba ya tona mutum. Yayyenka muka bar wa Gwaggonka, ni na saɓa ka a baya, na kama hanya ana jibi suna, shi kuma zai tashi washegari.

Daga Gaya zuwa Wudil ba komai. A Wudil na daɗe a tasha kafin motar Gombe ta cika, kuma sai da aka yi ta ciniki a kan kayana, ɗan kamasho yana ɗaga turmin yana nuna wa mutane. Muka tashi rana ta yi sama. Tafiya dai, tafiya dai, ƙafafuna suka kumbura, kai kuma ka ƙi zama a cinya sai a tsaye. Ba mu shiga Gombe ba sai bayan magariba, dole muka kwana a can, a ɗakin mata na tasha. Da safe na hau ta Yola ina cewa yau kam da la'asar ina gidan Bello. Mun wuce Kaltungo kaɗan sai motar ta fara hayaƙi, direba ya gangara gefen titi ya ce lagireto ne, sai an ɗauko bakanike, kuma kayan gyaran sai an koma Gombe.

A kujerar da nake akwai wata mata, Maman Rahila, 'yar wajen ce, Kirista, tana koyarwa a makarantar firamare. Tun daga Gombe take karɓar ka in na gaji. Da ta ga rana tana yi kuma babu alamar tashi, sai ta ce, "Maman yaro, gidan yayata yana bayan dutsen can. Ba za ki kwana a titi da jariri ba." Na fara neman uzuri. Ta gane abin da nake tunani, ta yi dariya ta ce, "Akwai buta, akwai tabarma mai tsabta, kuma na san inda gabas take." A gidan nan aka ɗora mini ruwan zafi na yi maka wanka, aka kawo mini tuwon masara da miyar da ban san sunanta ba, na cinye tas. Da za mu rabu na buɗe daddawar Bello na ɗiba musu. Har yau ban sake ganin matar nan ba, kuma har yau ina yi mata fatan alheri.

Sai ranar suna da hantsi muka haye gadar Numan. Kafin in isa Jimeta an raɗa suna, an yanka rago, maza sun watse. A ƙofar gida na tarar da Babanka cikin farar shadda, ko ƙura babu a hularsa, yana sakace. Ni kuwa zanina ya yi jirwaye, kai kana ta tsala kuka, ga ɗan dako a bayana da turmi a ka. Ya ce, "Sannu da zuwa, Hajjo. Ni ban gama shan shayin da suka ba ni a jirgi ba aka ce mun iso. Ya turmi ya ji da hanya?"

Kowa ya yi dariya, har ni. Bello ne kawai bai yi sosai ba. Da muka keɓe ya ce, "Adda, da kin gaya mini tsoro kike ji, ai da na zo da kaina mun hau tare. Na so a ce kina zaune a ɗaki lokacin da liman zai faɗi sunan." Maganar ta fi zafin ƙafafuna.

To ka ji ta farko. Abin da nake so ka ɗauka a ciki shi ne, in kana jin tsoron abu, ko ba ka iya shi ba, ka faɗa da bakinka. Za ka shiga wurin aiki inda akwai na'urorin da a littafi kawai ka gan su. In wanda ya riga ka ya ce, "Ka gane?" kuma ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Kunyar minti ɗaya ce. Wanda ya ɓoye rashin sani sai ya nemo dalilin ƙarya ya rufe shi da shi, dalilin kuma ya fi gaskiyar nauyin ɗauka. Aikinka kuwa ba irin nawa ba ne da za a yi dariya a wuce, da maganarka direban jirgi zai san abin da ke gabansa.

Duk da haka ban yi nadamar sanin hanyar ba, shi ya sa na goyi bayan Babanka da ya ce zuwan farko ka bi mota. Yanzu da kake karanta wannan ka riga ka ji ta a bayanka da ƙugunka, ka san inda muke ka san inda kake. In za ka sake bin ta, kada ka yi tafiyar dare, ko wa ya ce maka hanya lafiya. In direba yana gudun wuce sa'a ka yi magana, kada ka ce kai yaro ne a cikin manya. In ya ƙi ji ka sauka, kuɗin mota ba ya sayen ƙafa. Wanda ya zauna kusa da kai ka gaishe shi, in kana ci ka yi masa tayi, ba sai ka tambayi daga ina ya fito ba.

Na koma labari. Shekaru suka tafi, takwarata da muke kira Ummi ta sauke Alƙur'ani, Bello ya shirya walima ranar Lahadi. Kai kana sakandare lokacin. A wannan karon ni na fara cewa jirgi zan hau. Tsoron yana nan, amma na gaji da zancen turmi. Aka samo mana na ranar Juma'a da yamma.

Sai na faɗa wata wautar. Maganar nan ta "awa ɗaya" ta zauna mini a ka, na ga kamar Yola ta dawo bayan gidanmu. Da sassafe Babanka ya ce, "Hajjo, mu tashi da hantsi. Yau Juma'a, kasuwar Wudil tana ci."

Na ce, "Haba Malam, tafiyar awa ɗaya za mu yi wa sammako? Sai ka ce masu bin mota?"

Na zauna aka cire mini lalle. Na dafa muku abincin rana, na raba wa kowa nasa kwano. Sannan na yafa mayafi na shiga maƙwabta sallama. Ba sallamar ce ta dame ni ba, so nake kowa ya ji cewa jirgi zan hau. Kowane gida sai an ce in zauna, sai an yi addu'a, sai wata ta ba da saƙon gaisuwa ga wata 'yar uwarta da take zaton tana Yola. Babanka yana zaure da jaka a gabansa, ya leƙo ya koma, ya leƙo ya koma. Direban da muka ɗauka shata har ya kwanta a inuwar darbejiya.

Da muka iso Wudil na ga abin da ake gaya mini. Tirelolin shanu sun cika titi tun kafin gada, masu awaki suna ratsawa, masu rake da masu kifi suna bin tagogi. Motarmu ta tsaya cik. Na fara duban rana. Da ƙyar muka haye, muka kama hanyar Kano, sai kuma muka tarar an fara tare tituna don sallar Juma'a. Babanka da direba suka sauka suka bi jam'i, don babu ma inda za a motsa. Ni ina cikin mota ina ta salati, gumi yana wanke mini kwalliyar da na ɓata safiya ina yi.

Muna shiga filin jirgi na kwasa da sauri, ban ma san ina da sauran gudu ba. Wata yarinya a bayan kanta ta karɓi takardunmu, ta duba, ta ce, "Ayya Mama, an rufe. Jirgin ya riga ya juya."

Na ce, "'Yar nan, ki ce ya dakata, ga mu mun zo. Daga Gaya muke."

Ta ce, "Mama, ba ya dakatawa."

Na ce, "Ko na minti biyu? Ai kujerunmu suna ciki."

Ta yi murmushi ta girgiza kai. Muka fito waje, muna tsaye da jakunkuna, sai ga ƙara, sai ga shi ya taso ta bayan gini ya miƙe sama, ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace. Na jira Babanka ya yi faɗa, don ya cancanta. Ya bi jirgin da kallo har ya daina ganinsa, sannan ya ce, "Kin gani ko? Da gaske awa ɗaya ce. Ga shi har sun yi nisa." Na fashe da kuka da dariya a haɗe, mutane suna kallonmu.

Allah Ya taimake mu aka mayar da mu na washegari, bayan an yi mana ƙarin da ba zan so in tuna ba. Muka kwana gidan ƙanwar Babanka a Kano. Washegari ni na tashe shi. Mun isa filin jirgi masu shara ba su gama ba.

Wannan ita ce ta biyu, kuma ita ta fi shafar ka. Awa ɗayan da kake faɗa daga ƙofar jirgi ne zuwa ƙofar jirgi. Ba a sa Wudil a ciki ba, ba a sa cunkoson Kano ba, ba a sa zaman jira ba, ba a sa ranar da za a ce an ɗaga tashi saboda hadari ba, wanda ma wataƙila kai ne za ka ba da labarin hadarin. Kawunka ya ce wani lokacin babu mai zuwa kai tsaye, sai an bi ta Abuja an sake wani. Tafiya daga ƙofar ɗakinka ake lissafa ta zuwa ƙofar ɗakina. Haka aikin ma. In an ce ka karɓi aiki da safe, ka isa wanda za ka canza bai fara duban agogo ba. Shi ma yana da gida, yana da mai jiran sa. Kuma ka rage shelar abin da ba ka riga ka yi ba. Da na yi shiru na tafi, da na dawo da labari mai daɗi, maimakon haka sai da unguwa ta shekara tana tambayata ko jirgi ya dakata.

Hawan jirgin kansa kuwa, Auta, ban san yadda zan kwatanta maka daɗinsa ba, ko da yake kai yanzu za ka riƙa ganin jirage kamar yadda muke ganin adaidaita sahu. Da ya fara gudu na damƙe hannun Babanka a gaban jama'a, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidansa. Na karanta duk abin da na haddace. Kunnuwana suka toshe, wata ma'aikaciya ta sunkuyo ta ce, "Mama, ki riƙa haɗiyar yawu, za su buɗe." Da na samu zuciya na leƙa taga, sai na ga gonaki an jera su kamar facin zani, wani kore wani ja, hanyoyi kamar zare, garuruwa kamar an watsa tsaba. Na ce wa Babanka, "Malam, yanzu duk wahalar da na sha tana ƙarƙashin nan?" Ya ce, "Tana nan, har da inda motarku ta mutu." Aka kawo shayi da ɗan biredi. Ina cikin lallaɓa shi don kada ya zube, sai na ji an yi magana a lasifika, jirgin ya fara yin ƙasa. Na ce, "An fasa tafiyar ne? Komawa za mu yi?" Wani bawan Allah a gefenmu ya ce, "Hajiya, Yola ke nan. Ga Binuwai can." Na duba, ga kogi shimfiɗe yana ƙyalli.

Bello da Ummi suna bakin ƙofa suna jiran mu. Ya kama hannuna ya ce, "Adda, yau kin biya ni." A walimar ina zaune a gaba lokacin da takwarata ta buɗe baki ta fara karatu, ban ji kunyar kowa ba na yi ta share hawaye.

Na dawo Gaya da kai a sama. Duk wadda ta shigo, ko aron rariya ta zo, sai ta ji yadda gajimare yake ta sama. Ana cikin haka, wata ranar da hantsi ina tankaɗe, sai na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Aka yi sallama da muryar da na sani. Dada ce, kakarka, da tsufanta, ta hau acaɓa tun daga rugarmu ta bayan Ajingi, da ƙwaryar nono a ɗaure cikin zani a kan cinyarta. Na tashi a guje na karɓi ƙwaryar, na shimfiɗa mata tabarma. Ta sha ruwa, ta huta, muka gaisa. Ka san ni ce 'yar farinta, ba ta kama sunana. Ta ce, "Ke 'yar nan, na ji an ce kin hau jirgi."

Na gyara zama zan fara ba da labari.

Ta ce, "Shi ne na zo in tambaya, ko a cikinsu akwai mai sauka a Ajingi."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na lissafa a zuciyata, rabona da gidanta tun Sallar da ta wuce, ga wata Sallar har ta kusa. Tsakanin Gaya da Ajingi kuwa, in ka ɗora tukunya ka tafi, za ka iya dawowa ba ta ƙone ba. Kusancin ne ma ya cuce ni. Kullum sai in ce ai nan da nan ne, gobe na je, jibi na je, in an gama shuka, in an gama girbi. Yola mai nisa na shirya mata na je har sau biyu, gidan uwata kuwa da yake kusa ban taɓa sa masa rana ba.

Dada ba ta yi faɗa ba. Ta kwance ƙwarya ta ce a dama fura, ta sa na ba ta labarin jirgin daga farko har ƙarshe, tana dariya tana riƙe baki, har ta ce in sake maimaita wajen da na ce a dakata. Da la'asar na raka ta har gida a mota, na kwana biyu a can. Daga ranar na sa wa kaina doka, ba na bari wata ya mutu ban je ba, ko da ruwa ko da rana. Allah Ya ba mu shekaru masu daɗi a haka kafin Ya karɓi abarSa. Kai ma ka ci rabonka, don a zuwan nan ne ka koyi tatsar saniya, har wata ta yi ƙwallo da ƙwaryarka.

Saboda haka ban karɓi alkawarinka na duk ƙarshen mako ba, na mayar maka da abinka. Albashin sabon ma'aikaci ba zai ɗauki jirgi duk mako ba, jikinka kuma ba zai ɗauki mota ba. In ka riƙe wannan alkawari za ka karya shi tun a watan farko, daga nan kunya ta hana ka kira, sai a wayi gari an daɗe. Ni abin da nake so ƙarami ne. Ka dubi yadda hutunku yake, ka zaɓi lokacin da ka tabbata za ka iya, ko sau uku ne a shekara, ka gaya mini, in sa rai da shi in jiƙa gero. Tsakani kuma ka kira ranar Juma'a bayan an sauko, ko gaisuwa ce kawai. In ba ka da lafiya ka faɗa, kada in ji a bakin Kawunka.

Shi ma Kawun naka, ga shi za ku zauna gari ɗaya, kada ka yi masa irin abin da na yi wa Dada. In ka samu ɗakinka ka tashi daga gidansa da godiya, kada ka zame wa matarsa nauyi, amma ka riƙa zuwa ba sai an aiko ba, kuma kada ka je hannu rabbana, ko lemo ne ka riƙa wa yara. Fillancin da na yi ta fama ka koya kana gudu, yanzu za ka neme shi a kasuwa. In an gaishe ka ka rasa amsa, ka ce "jam," za su yi dariya su koya maka sauran. Zafin Yola ya fi namu, ka riƙa shan ruwa. Yajin da ke cikin gwangwani na ci da abinci ne, wanda ke cikin leda mai ɗauri biyu na mura ne, kada ka haɗa su. Sallah kuwa ba sai na faɗa ba. In aikin dare ya kama ka, ka san yadda za ka yi da asuba tun kafin ka kwanta.

Na tambayi Babanka ko yana da abin da zan rubuta maka. Ya ce ba shi da abin cewa, duk abin da na faɗa ya isa. Amma bari in tsegunta maka. Mai shayin bakin kasuwa ya gaya wa Gwaggonka cewa kullum da safe sai Babanka ya zauna a teburinsa ya sanar da jama'a cewa daga yanzu babu jirgin da zai sauka a Yola sai da izinin ɗansa. Jiya ma wai har ya yi wa mutanen Kademi alkawarin za ka riƙa aiko musu da ranar da ruwan shuka zai sauka. Na san ba haka aikin yake ba, shi ma ina jin ya sani. In ka zo hutu ya ja ka zuwa teburin nan, kada ka gyara masa a gaban mutane. Ka sha shayinka, ka bar shi ya faɗa. Shekara da shekaru yana noma yana biyan makaranta, wannan ce ribarsa.

Allah Ya tsare ka a sama, Ya tsare ka a ƙasa. Ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da abokai masu tsoronSa. Ya sa albarka a abin da za ka samu, Ya kare ka daga haram komai ƙanƙantarta. Duk jirgin da zai tashi ko ya sauka a kan maganarka, Allah Ya kai mutanen cikinsa gidajensu lafiya. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Ka gaishe da Kawunka da Ummi da mahaifiyarta. Ka kuma raba dambun da su, na san nawa na zuba.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajara, Gaya